Ramen: Yadda ake cin abinci a ƙananan shagunan taliya na Japan

A lungunan da ke kewaye da tashoshin jiragen ƙasa na biranen Japan, ba abin mamaki ba ne a ga mutane sun yi layi a ƙofar wani ɗan shago da bai fi ɗaki guda ba, suna jiran kujera domin cin kwano ɗaya na taliya cikin romo mai zafi.

Wannan abinci shi ake kira ramen, kuma akwai shaguna fiye da 20,000 da ke sayar da shi a faɗin ƙasar.

Da yawa daga cikinsu na mutum ɗaya ne ko na iyali, kuma kujerunsu ba su cika wuce goma ko goma sha biyar ba. Mai shagon shi ne mai girki, sau da yawa kuma shi ne mai wanke kwanuka.

Irin waɗannan shaguna suna da ƙa'idojinsu waɗanda ba kasafai ake rubuta su ba, abin da kan rikita baƙon da ya shiga karon farko. Ga Musulmi kuma akwai batun abin da aka dafa romon da shi. Su kansu masu shagunan, tsadar kayayyaki ta jefa da dama daga cikinsu cikin halin ƙaƙa-nika-yi a 'yan shekarun nan.

Abin da ke cikin kwanon

Masu wannan sana'a kan kasa ramen gida biyar: taliya, da romo, da ruwan ɗanɗano, da mai, sai kuma kayan da ake jerawa a sama.

Ana yin taliyar ne da garin alkama, da ruwa, da gishiri, da wani sinadari da ake kira kansui. Wannan sinadari ɗan uwan kanwa ne, kuma shi ke sa taliyar ta yi ruwan ɗorawa, ta yi danƙo, ta kuma jure zafin romo ba tare da ta dame nan da nan ba. Shi ne ya bambanta taliyar ramen da sauran taliyoyin Japan irin su udon da soba.

Romon kuwa ana samun sa ne daga ƙasusuwan alade ko na kaza, ko busasshen kifi, ko wata ciyawar teku da ake kira kombu, ko kuma a haɗa biyu ko uku daga cikinsu. Akan ƙara da albasa, da citta, da tafarnuwa.

A al'ada ba a sa gishiri a tukunyar romo. Gishirin yana cikin ruwan ɗanɗanon ne, wanda ake kira tare, kuma ana zuba shi a gindin kwano kafin a kwarara romo a kansa. Haɗin tare shi ne sirrin kowane shago, wanda mai shi ba ya bayyana wa kowa sai amintaccen yaronsa.

Kayan da ake jerawa a sama sun haɗa da yankan nama da ake kira chashu, wanda galibi na alade ne, da dafaffen ƙwai mai ruwa-ruwa a tsakiya, da lawashi, da tsiron gora da aka tsima wanda ake kira menma, da busasshiyar ciyawar teku mai kama da takarda da ake kira nori.

Ɗanɗanon da ake nema shi ne wanda Japanawa ke kira umami, wato irin garɗin da daddawa ke ba miya. Wani masanin kimiyya mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin da ke haddasa shi a cikin kombu a shekarar 1908, kuma daga binciken nasa ne aka samu Ajinomoto, wanda aka fi sani da farin magi a ƙasar Hausa.

Asalinsa

Ko da yake a yau ana ɗaukar ramen a matsayin abincin Japan, asalinsa daga ƙasar Sin yake.

Bayan da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga 'yan kasuwar ƙasashen waje a shekarar 1859, Sinawa sun kafa unguwarsu a birnin, suka kuma zo da irin taliyarsu ta alkama.

Shagon da aka fi ambato a matsayin na farko da ya sayar wa Japanawa wannan abinci shi ne Rairaiken, wanda Kan'ichi Ozaki ya buɗe a unguwar Asakusa ta birnin Tokyo a shekarar 1910, inda ya ɗauko Sinawa masu girki daga Yokohama.

A wancan lokaci ana kiran abincin shina soba, wato taliyar Sin. Bayan yaƙin duniya na biyu aka daina amfani da kalmar shina saboda ana ganin akwai raini a cikinta, aka koma cewa chuka soba, sunan da wasu tsofaffin shaguna ke riƙe da shi har yau.

Yunwa ce ta yaɗa ramen. A shekarar 1945 Japan ta sha kaye a yaƙi, sannan ta samu amfanin shinkafa mafi muni cikin shekaru kimanin 40. Amurka, wadda ke mamaye da ƙasar a lokacin, ta riƙa shigo da alkama mai yawa, kuma wani ɓangare na garin ya riƙa sulalewa zuwa kasuwannin bayan fage, inda masu tura amalanke ke dafa taliya suna sayar wa talakawa.

A shekarun 1950 da 1960, lokacin da ake sake gina biranen ƙasar, ramen ya zama abincin leburori da ɗalibai: yana da araha, yana ƙosarwa, kuma ba ya ɓata lokaci.

Daga shekarun 1980 ne martabarsa ta ƙaru. A shekarar 1985 aka fitar da fim ɗin Tampopo na Juzo Itami, wanda ke ba da labarin wata bazawara da ke fafutukar gyara shagonta na ramen. A shekarar 1994 kuma aka buɗe gidan tarihi na ramen a Shin-Yokohama.

A ƙarshen shekarar 2015, wani shago mai kujeru tara kacal mai suna Tsuta, wanda a lokacin yake unguwar Sugamo ta Tokyo, ya zama shagon ramen na farko da ya samu tauraron yabo na kundin Michelin.

Kowane gari da irin nasa

Akan raba ramen gida huɗu. Uku daga ciki sun samu sunansu ne daga ruwan ɗanɗano, na huɗun kuma daga romo.

Shoyu shi ne wanda aka yi da baƙin ruwan waken suya. Romonsa garau yake, launin ƙasa-ƙasa, kuma shi ne salon Tokyo na asali.

Shio yana nufin gishiri. Ya fi sauran sauƙi a baki, kuma an fi danganta shi da birnin Hakodate.

Miso kuwa ana yin sa ne da niƙaƙƙen waken suya da aka tsima. Ya samo asali ne daga birnin Sapporo na tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi a tsakiyar shekarun 1950, a wani shago mai suna Aji no Sanpei.

Tonkotsu na nufin ƙashin alade. Ana tafasa ƙasusuwan da wuta mai ƙarfi na tsawon sa'o'i 12 ko fiye, har sai ɓargo da kitse sun narke romon ya yi fari kamar madara. Asalinsa daga birnin Kurume ne a yankin Fukuoka, kuma salon Hakata mai siririyar taliya shi ya fi shahara a ƙasashen waje.

Akwai kuma tsukemen, inda ake kawo taliya daban, romo mai kauri daban, mutum ya riƙa tsomawa yana ci. Kazuo Yamagishi na shagon Taishoken ne ya fito da shi a shekarun 1950.

A garin Kitakata na yankin Fukushima har karin kumallo ake yi da ramen. Birnin Yamagata kuma ya daɗe yana kan gaba a ƙididdigar gwamnati ta kuɗin da iyalai ke kashewa kan cin ramen a waje, in ban da shekarar 2021 da birnin Niigata ya sha gabansa.

Daga ƙofa zuwa kujera

Alamar farko ita ce ɗan gajeren labulen da ake ratayewa a ƙofa, wanda ake kira noren. Idan yana rataye a waje, shago a buɗe yake. Idan an shigar da shi ciki, an tashi.

Yawancin shaguna kan buɗe da misalin ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na rana, wasu su sake buɗewa da yamma. Sai dai da yawa daga cikin ƙananan kan rufe da zarar romon ranar ya ƙare, ko da kuwa lokacin tashi bai yi ba.

Idan akwai layi, sai mutum ya bi. Ba a kama wa aboki wuri, kuma a wasu shagunan ba a barin ayari ya shiga layi sai kowa ya hallara. Ayarin da ya haura mutum biyu ko uku kan rabu, kowa ya zauna inda kujera ta samu.

Da shiga, ma'aikata kan ɗaga murya su ce irasshaimase, wato maraba. Ba a bukatar amsawa.

A bakin ƙofa akwai na'urar sayar da tikiti. Mutum zai saka kuɗi, ya danna maɓallin abin da yake so, ya ɗauki ɗan tikiti da canjinsa, sannan ya miƙa wa mai girki. Wannan tsari na sa mai shago ba ya taɓa kuɗi da hannun da yake girki, kuma ba ya bukatar ɗaukar mai karɓar kuɗi.

Galibi rubutun maɓallan da harshen Japananci yake. Dabarar da aka saba bai wa baƙo ita ce ya danna maɓallin da ke sama ta hannun hagu, domin a nan yawancin shaguna ke sa abincin da suka fi alfahari da shi. Yana da kyau a riƙe tsabar kuɗi, musamman takardun yen 1,000, saboda har yanzu akwai na'urorin da ba sa karɓar kati.

A wasu wuraren akan tambayi mutum yadda yake son taliyarsa: mai ɗan tauri, wato katame, ko madaidaiciya, wato futsu, ko mai laushi. Wanda bai gane ba, ya ce futsu ya wadatar.

Wurin zama yawanci doguwar kanta ce da ke fuskantar murhu. Ruwan sha kyauta ne, kuma mutum shi ke zuba wa kansa. Ƙa'ida ce kowane mai kujera ya sayi kwanonsa, ba a haɗuwa mutum biyu a kan kwano ɗaya sai dai ƙaramin yaro.

Yadda ake ci

Ramen abinci ne da ba ya jira. Da zarar an ajiye kwanon, taliyar na ci gaba da nuna a cikin romo, kuma cikin 'yan mintoci za ta kumbura ta saki. Don haka ba a jiran na aboki ya iso kafin a fara.

Japanawa kan ce itadakimasu kafin su fara, wato kalmar godiya ga abinci da wanda ya girka shi. Masana abincin kan fara kurɓar romo da cokalin tangaran da ake kira renge, kafin su ƙara barkono ko tafarnuwa. A wajen wasu masu girki, zuba yaji kafin ɗanɗanawa tamkar raina aikinsu ne.

Ana ɗaga taliyar da tsinkaye biyu na cin abinci, a zuƙe ta da ƙara. A nan wannan ba rashin ladabi ba ne: iskar da ake ja tana huce taliyar, tana kuma kai ƙamshin romon hanci. Sai dai ba dole ba ne, wanda bai iya ba yana iya ci shiru.

Ba a soka tsinkayen a tsaye cikin abinci, musamman shinkafa, domin hakan na kama da abin da ake yi wajen jana'iza a ƙasar.

A shagunan salon Hakata akwai abin da ake kira kaedama, wato ƙarin taliya. Da yake taliyarsu siririya ce mai saurin damewa, ba sa zuba da yawa da farko. Mai son ƙari sai ya rage romonsa, ya biya ɗan kuɗi kaɗan a zuba masa sabuwa.

Shanye romon duka na faranta wa mai girki rai, amma ba wajibi ba ne. Kwano ɗaya tare da romonsa kan ƙunshi gishiri giram 6 ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a yini. Shi ya sa likitoci ke shawartar masu hawan jini su bar romon.

Shagon ramen ba wurin hira ba ne. Yawancin mutane kan gama cikin minti 15 zuwa 20, su tashi su ba na layi wuri. A shaguna da dama mai ci shi ke ɗora kwanonsa a saman kanta, ya goge gabansa da tsumman da aka ajiye.

Ba a ba da tukwici a Japan. Abin da ake so shi ne a ce gochisosama deshita yayin fita, wato an gode da abinci.

Batun halal

Ga Musulmin da ya ziyarci Japan, abin da ya kamata ya sani shi ne mafi yawan ramen na ɗauke da alade ta wata hanya.

Cire yankan naman da ke sama ba ya warware matsalar. Ko da romon na kaza ne ko na kifi, sau da yawa akan haɗa shi da ƙashin alade, ko a zuba kitsen alade a matsayin mai. Haka kuma wasu shaguna na amfani da ruwan da aka dafa chashu a cikinsa wajen haɗa tare.

Bugu da ƙari, akan sa giyar shinkafa ta sake, ko wata mai zaƙi da ake kira mirin, a cikin tare da kuma ruwan da ake jiƙa ƙwai. Sannan kazar da aka yi amfani da ita ba lallai ba ne a ce an yanka ta bisa tsarin Musulunci.

Da yake romo tukunya ɗaya ce da aka ɗora tun da asuba ko tun jiya, mai ƙaramin shago ba shi da halin sauya wa mutum ɗaya girki, ko da yana so.

Sai dai al'amura sun sauya tun bayan da Japan ta sassauta ka'idojin biza ga 'yan Maleshiya a shekarar 2013, da 'yan Indunusiya a 2014. Ƙaruwar baƙi Musulmi ta sa an buɗe shagunan ramen na halal a Tokyo, da Osaka, da Kyoto, waɗanda ke amfani da kaza, ko naman sa, ko kifi. Wasu ma sun tanadi ɗan wurin salla.

Gwamnatin Japan ba ta da hukumar da ke ba da shaidar halal, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke bayarwa, kuma ma'auninsu ya bambanta. Akwai shagon da ke da cikakkiyar shaida, akwai kuma wanda kawai ya rubuta cewa ba ya amfani da alade da giya. Akwai kuma ramen na ganyayyaki zalla, wanda ba shi da nama, amma ana iya samun mirin a cikinsa. Tambaya kafin sayen tikiti ita ce mafita.

Rayuwar mai shago

Kwanon da ake cinyewa cikin kwata ɗaya na awa, aikin yini guda ne. Mai shago kan iso da sassafe ya wanke ƙasusuwa, ya ɗora tukunya, ya riƙa kwashe kumfa yana lura da wuta. Wasu na murza taliyarsu da kansu, amma mafi yawa kan yi oda daga ƙananan masana'antu waɗanda ke yi wa kowane shago irin kauri da tsawon da ya zaɓa.

Da yawa sun koyi sana'ar ne ta hanyar yi wa wani maigida aiki na shekaru. Idan yaro ya ƙware, maigidan kan yaye shi, ya ba shi izinin buɗe shago da sunan gidan. Ana kiran wannan al'ada noren-wake, wato raba labule. Ta wannan hanya ce salon da ake kira iekei, wanda shagon Yoshimuraya ya fara a Yokohama a shekarar 1974, ya bazu a ƙasar.

Katangar yen 1,000

Babbar matsalar masu shagunan ita ce farashi. Japanawa sun daɗe suna ɗaukar ramen a matsayin abincin talaka, kuma da yawa na ganin bai kamata kwano ya haura yen 1,000 ba. Kafofin watsa labaran ƙasar na kiran wannan katangar yen 1,000.

Amma kuɗin da ake kashewa wajen girki ya ƙaru. Japan na shigo da fiye da kashi 80 cikin 100 na alkamarta, galibi daga Amurka, da Kanada, da Ostireliya. Farashin alkama da na makamashi sun tashi bayan da Rasha ta mamaye Yukren a shekarar 2022, sannan darajar yen ta faɗi, har dala ɗaya ta haura yen 160 a tsakiyar 2024. Ga kuɗin gas na tukunyar da ke kan wuta yini guda, ga ƙarin albashi da ƙarancin ma'aikata.

A ranar 3 ga watan Yulin 2024 kuma, Japan ta fitar da sababbin takardun kuɗi karon farko cikin shekaru 20, abin da ya tilasta wa masu shaguna gyara na'urorin tikitinsu ko sayen sababbi da tsada.

Kamfanin bincike na Teikoku Databank ya ce masu sana'ar ramen 72 ne suka karye a shekarar 2024, idan aka kwatanta da 53 a 2023, adadin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Ƙididdigar ta shafi masu bashin yen miliyan 10 zuwa sama ne kawai, ba ta haɗa da waɗanda suka rufe shago shiru ba.

Mai ƙaramin shago na tsaka mai wuya: idan ya ƙara farashi yana iya rasa ma'aikatan ofis da ɗaliban da ke zuwa kullum, idan bai ƙara ba riba ta ƙare. Manyan kamfanoni masu rassa, waɗanda ke dafa romo a masana'anta ɗaya su rarraba, sun fi iya jure matsin.

Wasu shagunan sun tsallake katangar, musamman a wuraren da baƙi ke yawan zuwa, ganin cewa mutane kusan miliyan 37 ne suka ziyarci Japan a shekarar 2024. Wasu kuma sun koma karɓar rajista ta intanet domin rage layi.

Dangantakarsa da taliyar leda

Mutane da dama a Afirka sun san jikan ramen ko da ba su san kakan ba.

A watan Agustan 1958, Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya fitar da taliya ta farko mai saurin dahuwa mai suna Chikin Ramen, bayan ya gano cewa soya dafaffiyar taliya cikin mai na busar da ita ta yadda za ta daɗe, kuma ruwan zafi kaɗai ya isa ya dawo da ita. A shekarar 1971 ya fitar da ta cikin kofi, wato Cup Noodle.

A kan wannan fasaha aka gina Indomie, wadda asalinta daga Indunusiya take, aka kuma fara sarrafa ta a garin Ota na jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. A yau ana cin irin wannan taliya fiye da sau biliyan 100 a shekara a duniya, kuma Najeriya ce kan gaba a nahiyar Afirka.

Bambancin shi ne, taliyar da mai shayi ke dafawa da ƙwai kan nuna cikin minti uku, ɗanɗanonta kuma na cikin ɗan ƙullin garin da ke leda. A ƙaramin shagon ramen na Japan kuwa, romon ne tushen abincin, kuma idan ya ƙare, mai shago ya sauke labule sai gobe.